Takardar da Likita Muhsina Ta Ƙi Sa Wa Hannu

Shekara goma sha ɗaya Filibus ya yi yana jan doguwar bas ta wani kamfanin gine-gine. Da sassafe ya kwashi ma'aikata daga Suleja ya kai su Abuja, da yamma ya dawo da su. A tsawon shekarun nan ko madubin gefe bai taɓa fasawa ba, kuma duk wanda ya zauna da shi minti goma sai ya sha wannan labari. Mutumin Filato ne, ya zo Suleja yana saurayi, ya yi aure, ya kama haya a unguwar Wambai, ciki biyu da falo. Yana zaune da matarsa Patience, malamar firamare, da 'yarsu Maryamu, da mahaifiyarsa Mama Priscilla, wadda ya ɗauko daga ƙauye bayan rasuwar babansa, lokacin da yanar ido ta fara rufe mata gani.

Duk gidan asibiti ɗaya suke zuwa, wani ƙaramin asibitin unguwa a Bagama, kuma likita ɗaya suke gani. Sunanta Muhsina, 'yar Zariya, siririya, ba ta da yawan dariya. A ƙofar ofishinta an rubuta likitar iyali, sunan da Filibus bai taɓa ɗauka da daraja ba. A ganinsa likitan gaske shi ne wanda ya ƙware a abu guda, zuciya ko ido ko ƙoda, yana zaune a dogon bene a Abuja. Wadda kuwa za ta duba jariri da safe, ta duba tsohuwa da hantsi, ta ɗinke ƙafar ɗan acaɓa da azahar, wannan a wurinsa ba ta wuce mai rubuta maganin zazzaɓi ba. Amma ita ce ta kula da Patience tun cikin Maryamu yana wata uku. Ita ta gano hawan jinin Mama. Ita kuma ta gano ciwon sugansa shekara huɗu da suka wuce, ranar da ya je da wani maruru da ya ƙi warkewa, ta bar marurun ta shiga tambayarsa abin da ya kashe babansa. Fayil ɗinsu guda ne, mai kauri, an ɗaure shi da roba.

Tambayoyin nan su suka fi ba shi haushi. Mutum ya je da ciwon kai, sai ta tambaye shi ƙarfe nawa yake kwanciya, me ya ci jiya, lafiya suke da matarsa. Ya sha gaya wa Patience cewa da matar nan ba ta zama likita ba, da 'yar sandan ciki ta zama.

Wata Asabar da safe yana wanke bas a ƙofar gida, sai ya ji gumi ya karyo masa, alhali rana ba ta yi zafi ba. Hannunsa ya kama rawa, bokitin ya suɓuce ya faɗi. Abin da ya sani bayan nan shi ne ya tsinci kansa zaune a cikin ruwan kumfa, Patience ta tallabe masa kai tana ɗura masa shayi mai suga, don ta ɗauka yunwa ce. Da ya dawo hayyacinsa abu na farko da ya yi shi ne waige-waige. Layin ba kowa. Labulen ɗakin Mama a sake yake, ga shi kuma ba ta ganin abin da ya wuce tsawon hannunta. Ya riƙe hannun Patience ya sa ta yi masa alkawari ba za ta faɗa wa kowa ba. Ta yi gardama kaɗan, sannan ta amince.

Yana da dalilinsa. A makon ne kamfani ya raba wa direbobi fom, aka ce kowa ya kawo shi da sa hannun likita cewa yana da lafiyar tuƙi, in ba haka ba ba za a sabunta masa aiki ba.

Ranar Alhamis aka ba shi hutun yini guda don wannan. Ya tafi Bagama da niyyar ya gama cikin rabin awa. Likita Muhsina ta karɓi fom ɗin ta karanta, ta ajiye shi gefe, ta ɗora biro a kai. Ta gwada jininsa, ta soki yatsarsa ta duba suga, ta daɗe tana kallon ɗan injin. Ta ce sugan ya yi ƙasa fiye da yadda ta saba gani a wurinsa. Ta tambaye shi ko ya karya kumallo, ya ce bai karya ba. Ta tambaye shi ko yakan ji jiri, ko gumi, ko rawar hannu. Ya ce ko sau ɗaya. Ta sake tambaya ta wata siga, ya sake musantawa, yana kallon agogon bango don ta gane ba zama ya zo yi ba.

"Malam Filibus, ranar Asabar da safe fa?"

Ya ɗauke ido daga agogon.

"Wa ya gaya miki?"

"Ba wannan na tambaye ka ba."

"Ni kuma shi nake tambayarki."

Ta ce masa a fili ba za ta sa hannu a takardar mutumin da ke ɗaukar rai talatin kullum ba, sai ta san abin da ya kayar da shi. Ta ce ya koma gida ya tattaro duk abin da yake haɗiya da sunan magani, na asibiti da na kemis da na tasha, ya kawo mata ranar Litinin su duba tare. Mai yiwuwa abin ƙarami ne, in ji ta, amma ba za ta yi canki da rayukan mutane ba.

Nan Filibus ya saki baki. Ya ce ita wace ce da za ta tsaya tsakaninsa da abincin 'yarsa. Ya ce ba ta san komai a kan suga ba sai abin da ta tsinta a hanya, shi yana da likita na gaske a Abuja, ƙwararre, wanda kamfani ya tura shi wurinsa a farkon shekara, har ya rubuta masa magani mai kyau irin wanda ba a samu a wannan akurkin. Ta ɗago kai da sauri ta tambaye shi sunan maganin, da dalilin da bai taɓa gaya mata ba. Ya ce ba huruminta ba ne. Ya fizge fom ɗin daga ƙarƙashin biron har biron ya faɗi ƙasa.

Yana bakin ƙofa ta yi magana, muryarta ba taushi ko kaɗan.

"In kana tuƙi ka ji gumi da rawar hannu, ka faka nan take ka sha abu mai zaƙi. Ko ka tsane ni, ka riƙe wannan."

Ya buga ƙofar har nas Rahmatu da ke rubuta sunaye a waje ta zabura.

Kafin la'asar ya samu sa hannu. Wani abokin aikinsa, Khamis, ya taɓa ba shi labarin wani ɗan shago a hanyar Garam mai allon asibiti a ƙofa. Mutumin da ke ciki ko tashi daga kujera bai yi ba. Ya tambayi sunansa da shekarunsa, ya buga hatimi, ya miƙo masa. Filibus ya fito yana jin ya yi nasara, amma zuciyarsa na tafasa, domin sauran lissafi ɗaya da bai gama ba, kuma a gida yake.

Patience na dudduba littattafan 'yan ajinta a falo ya shigo. Ya tambaye ta ladan nawa ta samu da ta kai shi ƙara wurin likita. Ta dube shi ba ta gane ba. Da ta gane, ta rantse ba ita ba ce, har ta ɗauko Littafi Mai Tsarki ta dafa. Ya ce ta ajiye littafin Allah kada ta ƙara wa kanta zunubi. Su biyu ne kaɗai a wurin ranar Asabar, kuma ranar Litinin ita ta kai Mama awon jini Bagama. Ta ce ta kai ta, amma a benci ta zauna a waje tana waya da hedimasta. Ya yi wata dariya mara daɗi. Ya buɗe durowa ya kwashe katunan asibitin gidan gaba ɗaya, guda huɗu, ya ce daga yau ba mai sake taka Bagama da sunan gidansa. Ya kai su bas ya kulle a aljihun gaban mota.

Daga ranar ya daina cin abincinta. Takan tashi tun kafin ƙarfe biyar ta ɗumama masa tuwo ko ta soya doya, ya bi ta gefen tiren ya fita. Da yamma ya tsaya wurin mai shayi a bakin tasha ya ci indomi, ya shigo gida ya wuce ɗaki. In magana ta zama dole, Maryamu yake aika: gaya wa mamanki kaza. Yarinyar, 'yar shekara tara, ta koyi tafiya a gidan kamar mai tsoron taka ƙwai. Patience ta yi kuka mako na farko. A mako na biyu ta daina, ta kuma daina tashi da asuba. Mama Priscilla na ɗakinta, rediyo a kunne, ba ta ce uffan ba. Ƙwayoyinta na hawan jini suka ƙare, ta faɗa sau ɗaya, Filibus ya ce zai samo mata a kemis, ya manta.

Shi kuwa bai fasa shan nasa magungunan ba, ko da cikinsa ba komai. Sau biyu a cikin makonnin ya ji jikinsa ya yi wani iri a harabar kamfani, ya sayi biskit ya ci, abin ya wuce. Ya gaya wa kansa gajiya ce, da ɓacin ran da matan nan biyu suka jefa shi ciki.

Ranar Litinin ta mako na huɗu ya kwaso mutanensa kamar kullum. Sun fito daga Suleja, cunkoso ya ɗan saki, motoci sun fara gudu, daidai Dutsen Zuma sai ya ji rigarsa ta manne masa a baya. Ya kalli hannunsa a kan sitiyari ya ga yana kaɗawa. Bayan tankar da ke gabansa ya rabu biyu, ya sake haɗewa. Maganar matar nan ta faɗo masa, da muryarta mai kaushi, har a wannan hali sai da ya ji haushinta. Amma ya sa sigina, ya sauka gefen titi, ya ja burkin hannu. Bai iya kashe motar ba. Madam Funmi ta ofishin ma'aikata, wadda ke zama a kujerar gaba kullum, ita ta miƙa hannu ta murɗa makullin. Da ƙyar ya ce mata lemo. Wani ya sauka da gudu ya sayo wurin masu talla.

Kafin ya gama kwalbar hankalinsa ya dawo, ya kuma fara jin abin da ake faɗa a bayansa. Wasu na cewa Allah ya kiyaye, wasu na ƙorafin za su makara, wani na cewa da ma ya lura direban nan ya rame. Madam Funmi ta riga ta kira Oga Segun, manajan motoci. Bayan minti arba'in Khamis ya iso da wata bas ya kwashe mutanen, wani direban ya ja ta Filibus, shi kuma aka zaunar da shi a kujerar fasinja a motar da ya yi shekara goma sha ɗaya yana ja.

A ofis Oga Segun ya zaro fom ɗinsa daga cikin na sauran, ya kalli hatimin Garam, ya kalle shi. Ya ce ba zai kore shi ba, don ya san aikinsa, kuma fakawar da ya yi ita ta cece shi. Amma makulli zai zauna a ofis sai ya kawo takarda daga likitan da ke duba shi da gaske, wanda ya san jikinsa, ba irin wannan ba. Kafin nan ya riƙa zuwa gareji yana rubuta shiga da fitar motoci.

Likitan da ke duba shi da gaske. Filibus ya yi ta juya kalmomin a motar haya har Suleja. Ina Oga Segun ya san akwai wata likita? Kafin su iso Madalla ya gama yanke hukunci: ita ta buga musu waya. Ta ga ya tsallake ta, ta bi shi har wurin aiki. Bai je gida ba. Da jakar ledar da ya zuba kayansa na cikin bas a ciki ya hau acaɓa zuwa Bagama.

Azahar ta gota, amma benci a cike yake: mata da goyo, wani dattijo da sanda, wata budurwa da ta ɗaure hannu da tsumma. Filibus ya tsaya a tsakiyarsu ya ɗaga murya. Ya ce su yi hattara da matar da ke cikin ɗakin nan, sirrin mutum ba ya kwana a bakinta, ta raba shi da matarsa, yau kuma ta raba shi da aikinsa. Rahmatu ta taso tana ba shi haƙuri, ya ce ta matsa masa. Jarirai suka fara kuka. Dattijon ya ce masa ya ji tsoron Allah, nan wurin marasa lafiya ne, ya ce shi ma ai mara lafiyar ne, ita ta mayar da shi haka.

Ƙofa ta buɗe, Likita Muhsina ta fito da safar hannu. Ta bar shi ya yi ta yi har numfashinsa ya fara sarƙewa.

"Ka gama? Akwai mutum uku a gabanka. In ka ga dama ka jira, in ba ka ga dama ba ga hanya nan." Ta juya wurin nas ɗin. "Rahmatu, duba mini sugansa yanzu. In ya yi ƙasa ki shigo da shi kafin kowa."

Ta koma ta rufe ƙofa. Sugan bai yi ƙasan da za a tsallake layi da shi ba. Ya so ya tafi, amma ya ga in ya tafi mutanen benci za su ce tsoro ya ji. Ya zauna a ƙarshen bencin, jaka a cinya, ba wanda ya matso kusa da shi. Awa guda da 'yan mintoci ya yi a nan.

Da ya shiga bai zauna ba. Ya juye jakar a kan teburinta: tocila, tsumman goge gilashi, katunan gidansa huɗu, da magungunan da yake yawo da su a mota. Ya ce ga abin da take nema, ta ci nasara. Ta ture tocilar da tsumman gefe, ta kalli katunan, ta jera magungunan. Biyu nata ne, ta san su. Ɗaya kwalbar ruwa ce baƙa mai ɗaci da ya saya a tasha, ta ajiye ta can nesa. Na ƙarshe kwali ne mai sheƙi, da takardar asibitin Abuja a naɗe a ciki. Ta warware takardar ta karanta sau biyu. Ta ɗauki ɗaya daga cikin nata, ta ɗauki na Abuja, ta riƙe su a gabansa.

Ta ce waɗannan biyun aiki ɗaya suke yi, suna ne kawai ya bambanta. Likitan Abuja ya ba shi sabon ne don ya maye gurbin tsohon, ga shi ma ya rubuta a ƙasan takardar a daina wancan, da irin rubutun likitoci da ba mai iya karantawa sai su. Wata biyar ke nan yana shan ninki biyu na abin da jikinsa ke buƙata, ga ruwan tasha a kai, ga fita ba karin kumallo. Ta tambaye shi tun yaushe ya daina cin abinci da safe kwata-kwata.

A gabansa ta kira lambar da ke kan takardar. Aka yi ta haɗa ta da wannan da wancan, ta jira, har ta samu likitan. Suka yi magana da Turanci kamar minti biyar, tana rubutu a fayil ɗin nan mai roba. Da ta ajiye ta ce sun yi shawara: zai bar tsohon, zai ci gaba da sabon amma rabin ƙwaya, za a gwada ƙodarsa a wannan makon, ita za ta riƙa ganinsa duk Alhamis, ta aika wa likitan sakamako.

A lokacin ne Filibus ya zauna. Kunya ta kama shi, kunyar kuma ta juye ta koma fushi. Ya ce to me ya hana babban likitan ya gaya masa da baki.

"Wataƙila ya gaya maka. Minti nawa ka yi a gabansa?"

"Goma."

"Ya fi ni sanin ciwon suga, nesa ba kusa ba. Ni kuma na fi shi saninka. Bai san kana fita kafin gari ya waye ba, bai san abin da ke cikin durowarka ba, bai san babanka ba. Da ka kawo mini takardar nan a watan da aka ba ka, da ba mu zo nan ba."

Ya ce duk wannan bai ba ta ikon kiran kamfaninsu ba. Ta ce ba ta kira kowa ba, ko sunan manajansu ba ta sani ba. Da ta san ya samo sa hannu a wani wuri ya koma kan titi, da shi za ta fara nema, ta gaya masa a fuskarsa abin da za ta yi. Ya dube ta yana neman alamar ƙarya, bai samu ba, wannan ma ya ƙara masa haushi.

"To wa ya gaya miki zancen Asabar?"

"Ba zan faɗa ba. Abin da mutum ya gaya mini a ɗakin nan, ko ɗan gidanku ne, nasa ne. Kamar yadda naka yake naka." Ta rufe fayil ɗin. "Amma ban kyauta ba da na ambaci ranar. Ya kamata in bi ta wata hanya. Wannan laifina ne."

Ta tura masa katunan, ta ce maganin Mama ya ƙare kwana tara ke nan, in bai saya mata a wani wuri ba, gobe ya kawo ta. Ya ce uwarsa ce, ya san yadda zai yi da ita. Ta ce ta ji, gobe ƙarfe tara.

Ya isa gida rana na shirin faɗuwa. Patience na tsakar gida tana tsince shinkafa, Mama na kan tabarma a bakin ƙofarta. Bai yi niyyar faɗin komai ba, amma rashin bas a ƙofar gida ya riga ya yi magana. Patience ta tambayi motar, karo na farko da ta yi masa magana kai tsaye cikin kwanaki. Ya ba da labarin a gajarce, yana kallon bango. Ya ƙare da cewa duk da haka ba zai yafe wa wanda ya kai shi gaban matar nan ba.

Mama Priscilla ta kashe rediyo.

"Ni ce."

Ya juya.

"Idona ne ya mutu, Filibus, ba kunnena ba. Na ji faɗuwar bokiti, na ji yarinyar nan tana kiran sunanka ba ka amsawa. Haka babanka ya faɗi a gona, sau biyu, ya hana ni faɗa wa kowa, na yi masa biyayya. Na uku ba a tashe shi ba. Da likita ta tambaye ni me ya sa jinina ya hau, na gaya mata."

Filibus ya dubi uwarsa. Wannan ba wadda zai yi wa tsawa ba ce. Patience ce ta ajiye tiren shinkafa a hankali, ta miƙe.

"Mama, mako uku kina jin abin da yake yi mini."

Tsohuwar ta sunkuyar da kai. Ta ce ta ji tsoro ne. Ta san zuciyar ɗanta, ta ɗauka in ya sani zai mayar da ita ƙauye, inda ba ta da mai kama mata hannu. Kullum tana cewa gobe za ta faɗa.

Patience ta juya mata baya. Ta miƙa wa mijinta hannu ta ce ya ba ta katinta da na Maryamu. Ya zaro ya ba ta. Ya fara kiranta, Maman Maryamu, ta ce ba yau ba. Ta shiga ɗaki. Maryamu ce ta ƙarasa tsince shinkafar, Filibus ya dafa da kansa, ta caɓe.

Washegari ya kai Mama Bagama ƙarfe tara. Jininta ya hau sosai, likita ta yi masa kallon da ya gwammace zagi a kansa. Daga nan duk Alhamis yana zuwa, da ɗan littafin da ta sa shi rubuta awon sugansa safe da yamma. Ba ya gaishe ta sai ta gaishe shi. Ita ma ba ta neman hira, sai tambayoyinta, waɗanda yanzu yake amsawa a taƙaice kamar mai ba da shaida a kotu. Sau ɗaya ta tambaye shi yaya gida, ya ce gida yana inda ta bar shi. Gwajin ƙoda ya fito da ɗan abin dubawa, ta rubuta masa wasiƙa zuwa Abuja, ya je ya dawo mata da amsa a hannu, wannan karon bai ɓoye ba.

Mako takwas ya yi a gareji yana rubuta lambobin motoci, yana kallon wani yaron direba na jan bas ɗinsa yana taka kulochi kamar mai daka. A gida an koma cin abinci tukunya ɗaya, amma Patience ta fi wata guda ba ta zauna a tabarmar Mama ba, tsakaninsu sai gaisuwa da miƙa kwano. Shi kuwa ya ba Patience haƙuri sau biyu. Na farko ta yi kamar ba ta ji ba. Na biyu ta ce ta ji, amma ba ta manta yadda ya ce ta ajiye littafin Allah ba.

A Alhamis ta tara Likita Muhsina ta duba littafin awon daga farko har ƙarshe, ta ce ya kawo fom. Ta cike, ta sa hannu, ta buga hatimi. Da ya karɓa ya ga ta rubuta wata shida maimakon shekara. Ya tambayi dalili, ta ce bayan wata shida su sake dubawa. Ya ce da ma ya san ba za ta taɓa yin abu ta cika shi ba. Ta ce haka ne, ta kira na gaba.

Oga Segun ya karanta takardar har bayanta, ya ce wannan ita ce takarda. Bai mayar masa da doguwar bas ba, don an riga an ba wani. Ya ba shi ƙarama mai ɗaukar mutum goma sha huɗu, wadda ke kai injiniyoyi wurin aiki a Kubwa, ya ce ya fara ranar Litinin. Filibus ya zagaya motar sau ɗaya, ya daki tayar baya da ƙafa, ya ce wa makanike ya zo ya ji yadda burkinta ke ƙara kafin ya yarda ya ɗauki kowa a ciki.